Daga shekara 110 zuwa shekara 10: shari'ar direban tirelar katako a Colorado

Direban, motar da hanyar

Direban da wannan nazari ya shafa yana da shekara 23 lokacin da tirelarsa ta afka wa jerin motoci a bakin birnin Denver na jihar Colorado a 2019, mutum huɗu suka rasu. Haifaffen ƙasar Kyuba ne, ya yi ƙaura zuwa Amurka ya zauna a birnin Houston na jihar Texas, a can kuma ya sami lasisin tuƙa manyan motoci. Ba a taɓa kama shi da wani laifi ba. Wani ƙaramin kamfanin sufuri na Houston mai motoci biyar ne ya ɗauke shi aiki, kuma bai daɗe da karɓar mota a hannunsu ba aka tura shi ɗauko katako a jihar Wyoming.

Yankin Houston shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kusa da teku. Mutum zai iya koyon tuƙi a can, ya ci jarrabawa, ya karɓi lasisi, bai taɓa sauko da lodi daga kan dutse ba. Hanyar da ya biyo daga Wyoming kuwa ta cikin duwatsun Rocky ta ratsa, ta haye mashigar Berthoud mai tsayin fiye da mita 3,400, sannan ta haɗe da babbar hanyar I-70 wadda ke gangarowa birnin Denver.

Direbobin manyan motoci sun fi tsoron sauka a kan hawa, kuma suna da dalili. Tirela da lodinta a Amurka tana iya kai tan 36. Birki yana tsayar da wannan nauyi ne ta hanyar gogayya, gogayya kuma zafi take haifarwa. Idan direba ya ɗora ƙafa a birki ya bar ta can tsawon gangara, ƙarfen zai yi zafi ya fara hayaƙi, daga nan ko ya taka har ƙasa motar ba za ta ji ba. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a sa ƙaramar giya tun a saman tudu, a bar inji ya riƙe motar, birki kuma a riƙa taɓa shi jefi-jefi. Wanda ya bari mota ta ɗauki gudu sannan ya nemi sauko da giya, sau da yawa sai ta fita ta ƙi komawa, a bar shi a firi da duk nauyin nan a bayansa.

Gangara ta ƙarshe kafin Denver tana da yaudara. Direba yana hango gari a gabansa sai ya ɗauka ya gama saukowa, alhali a wurare hanyar tana sauka mita 6 a cikin kowace mita 100. Hukumar hanyoyi ta jihar ta kakkafa manyan alluna suna gargaɗin direbobin tirela kada su ruɗu, akwai sauran mil huɗu na gangara da kwanoni. An kuma gina hanyar tsira: wata gajeriyar hanya da ke ɓallewa daga titi, cike da tsakuwa mai zurfi, yadda motar da birkinta ya shanye za ta faɗa ciki tayoyinta su nutse ta tsaya.

Bayan haɗarin 'yan jarida sun duba takardun hukumar tarayya mai kula da manyan motoci, suka tarar an rubuta wa kamfanin laifuka kusan 30 na saɓa ƙa'idar lafiyar mota a cikin shekara biyu, har da na birki.

Alhamis, 25 ga Afrilu, 2019

Alamar farko ta bayyana tun a yankin Berthoud. An shaida wa kotu daga baya cewa direban ya tsaya a gefen hanya ya duba birkinsa, ya yi waya, sannan ya hau mota ya ci gaba da tafiya.

Da yamma, dab da ƙarfe biyar, lokacin tashi daga aiki, ya shigo gangara ta ƙarshe. Iyakar gudun da aka yarje wa manyan motoci a wurin kilomita 72 ne a awa. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai kilomita 137. Wasu da ke tafe a bayansa sun ɗauki bidiyo da waya. A ciki ana ganin tirelar tana tangaɗi daga wannan layi zuwa wancan, ta tilasta wa wata a-kori-kura kaucewa, ta wuce allunan da ke nuna hanyar tsira, ta wuce hanyar tsirar ba ta shiga ba.

A ƙasa, a garin Lakewood da ke bakin Denver, motoci sun yi cirko-cirko saboda wani haɗarin da ya auku can gaba. Direban ya faɗa wa 'yan sanda cewa ya yi niyyar bi ta gefen titi ya wuce, sai ya tarar da wata babbar mota a tsaye a wurin, ya karya sitiyari ya koma cikin layin motoci. Ya ce ya sakankance mutuwa zai yi, ya rufe idonsa.

Motoci 28 abin ya rutsa da su, ƙanana 24 da tireloli 4. Mai ya malale, katako ya watse a titi, wuta ta kama. Zafinta ya lalata kwalta har sai da aka sake shimfiɗa wata, hanyar ba ta buɗe ba sai washegari. Maza huɗu suka rasu, masu shekara 24, 61, 67 da 69. Wasu suka ji munanan raunuka. Direban ya fita da ƙananan raunuka, aka kama shi a ranar. Ba a sami alamar barasa ko ƙwaya a jikinsa ba, 'yan sanda kuma suka ce babu abin da ke nuna da gangan ya yi.

Tuhuma: Mayu 2019 zuwa 2021

A watan Mayu ofishin babban mai gabatar da ƙara na yankin, a ƙarƙashin Pete Weir, ya shigar da tuhume-tuhume da suka kai 40, daga baya suka ɗan haura. Kotu ta sa belin dala 400,000, aka biya ya fito yana jiran shari'a.

A nan ne aka ƙulla abin da zai ɗaure kowa nan gaba. Dokar Colorado tana da laifin da aka tanada domin irin wannan lamari, wato kashe mutum da mota ta hanyar tuƙin ganganci, wanda hukuncinsa a al'ada ɗaurin shekara 2 zuwa 6 ne. An tuhume shi da wannan sau huɗu. Amma masu gabatar da ƙara sun ƙara da wani laifin mai nauyi: jikkata mutum a mataki na farko cikin halin ko-in-kula da ran ɗan'adam, da kuma yunƙurin aikata hakan. Misalin da malaman shari'a suka saba bayarwa na wannan laifi shi ne mutumin da ya buɗe wuta cikin taro ba tare da ya nufi kowa ba. Dokar jihar ta sa shi a jerin manyan laifukan zubar da jini, kuma a lokacin wannan jeri yana da ƙa'ida biyu da alƙali ba ya iya tsallakewa. Ta farko, akwai mafi ƙarancin shekarun da dole a yanke. Ta biyu, idan mutanen da abin ya shafa suna da yawa, ba a haɗa hukuncin a yi shi lokaci guda, sai dai a jera, in wannan ya ƙare wancan ya fara.

A Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un laifi ba sa kaiwa ga cikakken zama. Ana daidaitawa ne, wanda ake tuhuma ya amsa ƙaramin laifi a janye masa babba. An gwada wannan hanya ba ta ɓulle ba. Alexis King, wadda ta karɓi ofishin a Janairun 2021 ta gaji shari'ar, ta ce daga baya ofishinta ya so a ƙare da sakamako daban amma direban bai yarda a daidaita ba. Shi kuwa matsayinsa bai sauya ba tun ranar farko: birki ne ya ƙi, shi ba mai laifi ba ne. Masu sukar tsarin suka ce tara tuhume-tuhume masu nauyi dabara ce ta tsorata mutum ya amsa laifi, kuma idan ya ƙi tsorata sai dabarar ta zama hukuncin gaske.

Zaman kotu: Satumba zuwa Oktoba 2021

Sai da aka shafe kusan shekara biyu da rabi kafin a fara zama a gaban Alƙali Bruce Jones da mutum 12 daga cikin jama'a masu taya shi tantance laifi. Babu wanda ya musa cewa birkin ya ƙi aiki. Gardamar ita ce me ya sa ya ƙi, kuma me direban ya yi kafin nan da bayan nan. Motar ta ƙone ƙurmus, don haka ba a iya kwance birkin an duba shi yadda ya kamata ba.

Masu gabatar da ƙara ba su ce ya yi niyyar kisa ba. Jera matakan da ya ɗauka suka yi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi gudu fiye da kima a kan dutse har ya ƙona birkinsa da kansa. Ya ga matsala a Berthoud bai ajiye motar ba. Ya wuce hanyar tsira duk da allunan da ke gabansa. A ƙarshe, da ya ga tirela a gefen titi, ya kauce mata ya faɗa kan ƙananan motoci. A ganinsu kowane mataki zaɓi ne, kuma jimillarsu ita ce halin ko-in-kula.

Lauyoyinsa suka ce an ba saurayi marar gogewa mota mai matsala aka tura shi hanyar da bai sani ba, kuma abin da ake kira zaɓi a ɗakin kotu, a cikin motar daƙiƙu ne na firgici. Shi ma ya ba da shaida yana kuka, ta bakin tafinta.

Ranar 15 ga Oktoba, 2021 aka same shi da laifi 27: kisa da mota sau 4, jikkatawa a mataki na farko sau 6, yunƙurin jikkatawa sau 10, raunatawa da mota sau 2, tuƙin sakaci da ya jawo mutuwa sau 4, da tuƙin ganganci sau 1. An wanke shi daga sauran. A tsarin kotunan jihar ba a gaya wa mutum 12 ɗin shekarun da kowane laifi ke ɗauka. Aikinsu su ce ya aikata ko bai aikata ba.

13 ga Disamba, 2021: yadda lissafin ya kai 110

Ranar yanke hukunci iyalan mamata da waɗanda suka tsira sun yi magana. Ɗan'uwan ɗaya daga cikin mamatan ya roƙi kotu ta ba shi aƙalla shekara 20. Direban, wanda a lokacin ya kai 26, ya nemi gafarar iyalan cikin kuka, ya ce bai taɓa nufin cutar da kowa ba, ya ce yana tambayar Allah me ya sa su suka mutu shi ya rayu.

Lissafin ba shi da wuya. Jikkatawa a mataki na farko, mafi ƙaranci shekara 10, sau shida, 60 ke nan. Yunƙuri, mafi ƙaranci shekara 5, sau goma, 50 ke nan. A jera su, 110. Hukuncin kisa da mota, wato laifin da ya fi dacewa da sunan abin da ya faru, bai ƙara ko kwana ɗaya a kan wannan adadi ba, domin an haɗa shi yana tafiya tare da sauran. Kusan rabin shekarun daga tuhumar yunƙuri suka fito.

Alƙali Jones ya faɗa a fili cewa da doka ta bar masa zaɓi ba wannan hukunci zai yanke ba, kuma ba shi da burin ganin mutumin ya ƙare rayuwarsa a gidan yari. Ya kuma nuna cewa akwai ƙofa a cikin dokar: bayan 'yan watanni kotu tana iya sake duba hukuncin idan lamarin na musamman ne.

Kwana 17 na ce-ce-ku-ce

Labarin ya bazu kamar wutar daji. Wata takardar koke a shafin Change.org mai neman a yi masa sassauci ta tara sa hannu kusan miliyan 5 cikin 'yan kwanaki. Direbobin tirela suka cika TikTok da bidiyo suna cewa ba za su ƙara kai kaya Colorado ba, ko da yake ƙungiyar masu manyan motoci ta jihar ta ce ba ta ga alamar ƙauracewar a ƙasa ba. Ƙungiyar LULAC mai kare haƙƙin 'yan asalin Latin Amurka ta shiga maganar, an yi gangami a gaban majalisar jihar, tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta yi kira ga gwamna. Ɗaya daga cikin mutum 12 da suka same shi da laifi ya gaya wa wani gidan talabijin, ba tare da an faɗi sunansa ba, cewa ya yi kuka da ya ji adadin shekarun. Wani abin da ya ƙara rura wutar shi ne hoton da wata lauyar gwamnati a shari'ar ta sa a Facebook, na wani ƙarfen birkin tirela da abokin aikinta ya ba ta kyauta a matsayin lambar nasara. King ta ce abin bai dace ba ko kaɗan.

A intanet labarin ya taƙaita zuwa jimla ɗaya: birki ya tsinke wa talaka ɗan ci-rani an ba shi shekara 110. Maganar Berthoud da hanyar tsira ta ɓace. Matar ɗaya daga cikin mamatan ta koka cewa an mai da direban shi ne abin tausayi an manta da waɗanda suka mutu, duk da ita ma ba ta goyi bayan shekara 110 ba.

Ofishin King ya shigar da buƙatar kotu ta gaggauta sake duba hukuncin. Ranar 27 ga Disamba ta bayyana cewa, bayan tuntuɓar iyalan da waɗanda suka tsira, za ta nemi shekara 20 zuwa 30. Alƙali ya sa ranar 13 ga Janairu, 2022 domin zaman.

30 ga Disamba, 2021: alƙalamin gwamna

Gwamna Jared Polis bai jira ranar ba. Ya yi amfani da ikon afuwa da tsarin mulkin jihar ya ba shi ya mai da hukuncin shekara 10, ya kuma sa ranar 30 ga Disamba, 2026 a matsayin ranar da direban zai cancanci neman sakin talala. A wasiƙarsa ya ce direban ba marar laifi ba ne, amma shekara 110 ɗaurin rai-da-rai ne a kan abin da ba da gangan aka yi ba, kuma hukuncin ya zarce wanda ake yanke wa masu aikata laifi da gangan da dama. Ofishinsa ya bayyana cewa wani ɗan'uwan lauyan direban yana aiki a wurin, amma ba a sa shi cikin shawarar ba.

King ta ce ba ta ji daɗin yadda gwamna ya yi riga-malam-masallaci ba. Alƙali Jones, a takardar soke zaman, ya rubuta cewa kotu tana girmama ikon gwamna, amma lokacin da ya zaɓa ya nuna girmamawar ba ta ɓangare biyu ba ce. Manyan masu gabatar da ƙara na wasu yankuna biyu, ɗaya ɗan jam'iyyar gwamnan ɗaya ɗan adawa, sun rubuta masa wasiƙar suka. Wasu daga cikin iyalan suka ce matsin lambar intanet ce ta yi aiki, kuma shekara 10 ta yi kaɗan ga rai huɗu.

Abin da ya biyo baya

Tun a 2019 hukumar hanyoyi ta jihar da 'yan sandan manyan hanyoyi suka fara wani shirin wayar da kan direbobin da ke shigowa daga wasu jihohi game da tuƙi a kan dutse, har da saƙon gargaɗi da ke shiga na'urar cikin mota kafin a kai gangara, da tunatarwa cewa ba a cin tarar wanda ya shiga hanyar tsira. Ranar 7 ga Fabrairu, 2022 wata ƙa'idar tarayya ta fara aiki wadda ta wajabta wa sabon direban babbar mota samun horo daga makaranta mai rajista. Ba wannan haɗari ne ya haifar da ita ba, tun 2016 aka tsara ta, kuma ba ta ƙayyade yawan awannin da ɗalibi zai yi a kan sitiyari ba. A 2023 majalisar Colorado ta gyara dokar jera hukunci, ta ba alƙali damar haɗawa a wasu yanayi da aka iyakance.

Abin da nake gani

Direban yana da laifi. Mu da muka saba jin "tsautsayi ne, kwana ya ƙare" a bakin titi bayan kowane haɗari, ya kamata mu tsaya a kan tsayawarsa ta Berthoud. A wurin babu firgici, mota a tsaye take, yana da lokacin tunani. Ya san birkin ba lafiya, ya san gangara na gaba, ya zaɓi ya ci gaba. Ina iya yi masa uzurin daƙiƙun ƙarshe, domin babu wanda ya san abin da hannunsa zai yi a gudun kilomita 137 ba birki. Wannan tsayawar kuwa ba ta da uzuri, ko da tsoron mai gida ne ya sa shi tashi. Mutum huɗu da ke zaune a motocinsu suna jiran hanya ta buɗe suna da haƙƙi a kansa, kuma ɗauri na shekaru ya dace.

Shekara 110 kuma zalunci ne, kuma inda ya ɓaci a bayyane yake. An ɗauki dokar da aka rubuta domin mai buɗe wuta cikin taro aka ɗora wa mai sakaci, sannan aka ninka hukuncin da yawan mutanen da ke kan titi. Da ya sauko da ƙarfe uku na dare titi ba kowa, da sakacinsa yana nan daidai yadda yake, ba ragi. Yawan waɗanda suka mutu dole ya shiga ma'auni, amma ba zai zama shi kaɗai ne ma'aunin ba. A Kanada, ranar 6 ga Afrilu, 2018, wani sabon direban tirela ya tsallake alamar tsayawa a lardin Saskatchewan ya yi karo da bas ɗin matasa 'yan wasa na garin Humboldt, mutum 16 suka rasu 13 suka ji rauni. Ya amsa laifinsa duka, aka yanke masa shekara 8 a Maris 2019. Da lissafin Colorado aka bi, da adadin ya wuce hankali.

Abin da ya gyara kuskuren shi ne ya fi damuna. Shekara 10 ba ta yi nisa da adalci ba a ganina, amma ta ƙofar da ba ta dace ba ta shigo. Dokar da ta ɗaure hannun alƙalin da ya saurari shaidu makonni, ita ce ta miƙa maganar ga mutum miliyan biyar da yawancinsu jimla ɗaya suka karanta, da gwamna mai jiran zaɓe a shekara mai zuwa. Mako biyu kacal ya rage kotu ta zauna. Da an jira, da iyalan sun tsaya gaban alƙali sun faɗi abin da ke ransu, da an ji dalilin 20 da dalilin 10, da kowane adadi aka yanke ya zo da hujja a rubuce wadda wata kotun za ta iya dogara da ita gobe. Afuwar gwamna mutum ɗaya ta ceta. Direban da zai faɗa irin wannan rami ba tare da bidiyonsa ya zagaya duniya ba, ba shi da abin da zai riƙe daga wannan shari'a.

Sai kuma waɗanda ba su tsaya gaban kotu ba. Fiƙihun Musulunci ya daɗe da raba nauyin kisan kuskure gida biyu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya yi kisan kaffara, ta kuma wajabta diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe. Malamai sun yi bayani cewa diyyar kuskure, raƙuma 100 ko kimarsu, ba a kan mutumin shi kaɗai take ba. Danginsa na wajen uba ne ke ɗaukarta, a biya cikin shekara uku. Hikimar da nake gani a ciki ita ce mai kuskure yana da mutane a bayansa, kuma marayu suna bukatar abin da za su ci fiye da labarin shekarun da wani zai yi a kurkuku. A harkar sufuri, waɗanda ke bayan direba su ne mai motar da ya ba shi makulli, da wanda ya ba shi lasisi, da kamfanin inshora. A wannan shari'a direban kaɗai aka gurfanar, babu kowa daga kamfanin da aka rubuta wa laifuka kusan 30. A Kanada ma mai kamfanin tarar dala 5,000 ta ƙasar aka ci shi. Mafi ƙarancin inshorar da dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa tirelar ɗaukar kaya irin wannan dala 750,000 ne, adadin da aka sa tun shekarun 1980 ba a ƙara ba, kuma a haɗari mai mamata huɗu da majinyata da motoci 28 wannan kuɗi ba ya zuwa ko'ina.